Yadda Ake Taka Hanyar Inka Zuwa Machu Picchu: Kwana Huɗu a Ƙafa, Daki-Daki

Tun da na dawo daga ƙasar Peru masu karatu ke ta aiko mini da tambaya iri ɗaya: ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, kuma mutumin da bai taɓa hawan abin da ya wuce Dala ba zai iya? Zai iya, in ya bi abin a jere. Hanyar, wadda mutanen tsohuwar daular Inka suka shimfiɗa zuwa birninsu Machu Picchu da yanzu ya zama kango, ba ta wuce kilomita 43 ba, wadda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai ƙafa zai cinye ta a yini guda. Abin da ya sa take cin kwana huɗu tsawon duwatsun ne da ƙarancin iska. Tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Machu Picchu tana kan mita 2,430, kuma ita ce wuri mafi gangare a duk tafiyar, don sai ka haura mita 4,215 kafin ka sauko mata. Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. Yawancin abin da ke ɓata wa mutane wannan tafiya tun a gida yake faruwa, watanni kafin a ɗaura takalmi, shi ya sa na fi daɗewa a matakan farko.

1. Ga likita kafin ka biya kowa ko sisi

Wannan na sa shi a gaba saboda mu ne ya fi shafa, kuma kamfanonin can ba za su tambaye ka ba. Ka san matsayin jininka game da sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, da yawa ba su ma sani ba, don a gida ba ya damun su. A kan tsauni lamarin daban ne: in iskar oksijin ta yi ƙasa, ga gajiya ga ƙarancin ruwa a jiki, jinin mai AS yana iya toshewa a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci ya harba zuwa kafaɗa.

Gargaɗi: mai SS ko SC kada ya yi wannan tafiya. Mai AS ya zauna da likitan jini tukuna, in an ba shi dama ya gaya wa jagoransa tun ranar farko, kuma da ya ji wancan ciwon ya sauka ƙasa a nemi asibiti, kada ya ce ƙullewar ciki ce ta gajiya.

Mai hawan jini, ciwon zuciya, asma ko ciwon sukari, da mace mai juna biyu, su ma su ji ta bakin likita. A nan ne kuma za ka tambayi maganin da ake sha don jiki ya saba da tudu, Diamox. Ana fara shi kwana ɗaya kafin a hau. Yana sa yawan fitsari da jin tsiri-tsiri a yatsu, wannan ba abin tsoro ba ne, amma wanda magungunan salfa ke yi wa illa ya faɗa wa likitan. Ka riƙo katin rigakafin shawara, ka sayi inshorar tafiya wadda ta rubuta ƙarara cewa ta haɗa da tafiyar ƙafa sama da mita 4,000, domin da yawa ba su kai nan ba.

2. Zaɓi wata

Peru tana kudu da tsakiyar duniya, saboda haka lokutansu sun saɓa da namu. Daga Mayu zuwa Satumba rani ne a duwatsun, sama tas, amma shi ne lokacin sanyinsu. A Yuni da Yuli dare yakan kai ga ƙanƙara a sansanonin sama. Daga Nuwamba zuwa Maris damina ce, matakalan dutse su yi santsi, gajimare ya rufe abin da ka zo gani. A Fabrairu rufe hanyar ake yi gaba ɗaya don gyara. In ni za a tambaya, Mayu ko Satumba: ruwa kaɗan, sanyi da sauƙi, cunkoso bai kai na tsakiyar shekara ba. Ka duba kalandar Musulunci ma, kada tafiyarka ta faɗa cikin azumi, don a hanyar nan ruwa ake sha ba ƙaƙƙautawa.

3. Takardar izini da kamfani

Ba a shiga hanyar Inka kai kaɗai. Dole ka bi ta kamfanin da gwamnatin Peru ta ba lasisi, shi zai sayo maka takardar izini. Mutum 500 ake bari su shiga a rana, kuma cikin wannan adadin har da 'yan dako, masu girki da jagorori, abin da ke rage wa matafiya bai wuce wajen 200 ba. Ana fara sayar da na shekara mai zuwa wajen watan Oktoba, na Mayu da Yuni kuwa sukan ƙare da wuri. Ka kama gurbi wata shida kafin tafiya, ko fiye.

Gargaɗi: takardar tana ɗauke da sunanka da lambar fasfonka, ba a canja suna, ba a ɗage rana, ba a mayar da kuɗi. In fasfonka ya kusa ƙarewa, sabunta shi tukuna sannan ka yi rajista. In kuma ya zama dole ka sabunta bayan ka biya, aika wa kamfanin hoton sabon nan take, ka riƙo tsohon tare da kai.

Farashin tafiya cikin ayari yakan kama daga dala 700 zuwa 1,000 ga mutum ɗaya. Yawanci ana biyan kafin alƙalami na dala ɗari biyu ko uku, cikon a biya a Kusko, birnin da ake tasowa daga shi zuwa hanyar. Kafin ka tura kuɗi, nemi amsar waɗannan a rubuce: mutum nawa ne a ayarin, a waɗanne sansanoni za a kwana, ko kuɗin ya haɗa da tikitin shiga Machu Picchu, kuma wane zagaye zai ba ka damar bi a cikin kangon, ko ya haɗa da motar saukowa daga Machu Picchu da jirgin ƙasa na komowa, kilo nawa na kayanka ɗan dako zai ɗauka, ko jagora yana tafe da tukunyar oksijin.

Kamfanin da ya faɗi farashi ƙasa da na kowa sosai, ka sani a jikin 'yan dako yake cire ribarsa. Doka ta ce kada a ɗora wa ɗan dako fiye da kilo 20, ana ma auna kayan a shingen shiga, amma abincinsu da wurin kwanansu ya danganta da imanin kamfani. Tambayi yadda suke kwana da abin da suke ci. Kamfanin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

A nan ne kuma za ka faɗi maganar abinci. Naman alade yana da yawa a girkin Peru, sauran naman ma ba yankan Musulmi ba ne. Mafi sauƙi ka rubuta cewa kifi, ƙwai da kayan lambu kawai kake ci, ban da giya ko a miya. Ba za ka ji yunwa ba, akwai dankali kala-kala, masara, shinkafa, wake, da kifin ruwan sanyi da suke kira trucha. Ni na rubuta wannan tun a fom, amma a cimar rana ta farko sai ga farantin nama a gabana, saƙon bai isa ga mai girki ba. Tun daga nan nake cewa a maimaita maganar baki da baki ga jagora a daren da ake taron bayani, a kuma haddace kalmomi biyu na Sifaniyanci: sin cerdo, ban da alade, sin alcohol, ban da giya.

In ka tarar izini ya ƙare, ba shi ke nan ba. Akwai hanyar Salkantay, ta kwana biyar, wadda ba a ƙayyade mata adadi haka ba, ta fi arha, sai dai mashigarta ta haura mita 4,600. Akwai kuma gajeriyar hanyar Inka da ke farawa daga kilomita 104 na layin dogo, tafiyar yini ɗaya, ita ma da izini.

4. Biza da jirgi

Mai fasfon Najeriya yana bukatar biza. Peru tana da ofishin jakadanci a Accra, ka tuntuɓe su ka ji takardun da suke nema tun kafin ka biya kafin alƙalamin nan, tunda ba a mayar da shi. Takardar shaidar rajistar kamfanin tana cikin abin da za ka haɗa.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa Lima, babban birnin Peru. Ko dai ka bi ta Turai, kamar Madrid, Paris ko Amsterdam, ko ka bi ta Sao Paulo a Barazil. Gargaɗi: masu fasfon Najeriya da Ghana suna bukatar bizar yada zango a filayen jiragen ƙasashen Turai na yankin Shengen ko da ba za su fita waje ba, sai in suna da wata bizar da ta ɗauke musu. Duba wannan kafin sayen tikiti. Daga Lima zuwa Kusko, wanda a tikiti za ka ga an rubuta Cusco, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgi.

5. Horar da ƙafa

Wata uku ya isa. Ba gudu ake bukata ba, matakala ake bukata, domin rabin hanyar hawa da saukar benen dutse ne. Nemi bene mai hawa da yawa, ko filin wasa mai matakala, ko dutsen garinku, Dala ne, Goron Dutse ne, Kufena ne, ka hau ka sauka sau uku a mako da jakar kilo biyar a baya. Ranar hutu ka yi doguwar tafiya ta awa huɗu zuwa biyar. Kada ka raina saukowa, ita ce ke cin gwiwa.

Duk wannan horon ka yi shi da takalmin da za ka tafi da shi. Sabon takalmi a ranar farko bororo ne a rana ta biyu.

6. Haɗa kaya

Jaka biyu za ka yi. Kamfani zai ba ka wata da ɗan dako zai ɗauka, yawanci kilo shida zuwa bakwai har da buhun barci da katifa, kuma ba za ka gan ta ba sai an sauka sansani. Ɗayar ƙarama ce ta bayanka, mai cin lita 20 zuwa 25.

A ta baya: fasfo na asali cikin leda, gorar ruwa mai lita biyu wadda ba ta yarwa ba, don an hana robar ruwa ta sha-ka-yar, rigar ruwa, rigar sanyi, hular rana, man kare fata daga rana, maganin ƙwari, takardar bayan gida, filasta, magungunanka, dabino ko gyaɗa, da kuɗin ƙasar, wato sol, canji ƙanana. Dala ɗaya takan kama tsakanin sol uku da huɗu. Ƙara ƙaramar gora ta daban ta zama butarka. Ban-ɗakunan hanya na tsuguno ne, wannan ba baƙonmu ba ne, amma sau da yawa ba ruwa a ciki.

A ta ɗan dako: riguna uku marasa riƙe gumi, wando biyu, dogon wando da riga na ciki masu ɗumi don barci, safa ƙafa huɗu masu kauri, safar hannu, hular sanyi mai rufe kunne, silifas na sansani, ƙaramin tawul, siririyar darduma. Tocilan ta goshi wajibi ce. Babu wutar caji a hanya, riƙo batirin ajiya na waya, ka kwana da shi cikin buhun barci don sanyi yana zuƙe shi.

Buhun barci da sanduna biyu na dogarawa kada ka wahalar da kanka da sayensu, ana haya a Kusko, kowanne wajen dala 20. Sandar dole bakinta ya zama da roba, ba a yarda ƙarfe ya taɓa duwatsun ba. Kayan auduga, musamman wandon jins, bar su a otal: in sun jiƙe ba sa bushewa.

7. Kwana uku a Kusko, ba gaggawa

Kusko tana kan mita 3,400. Za ka sauko daga jirgi ka ji kamar lafiya lau, sai ka hau matakala goma na otal ka ji zuciya na dukan uku-uku. Mutanen can suna kiran wannan ciwo soroche: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, rashin son abinci. Ba ruwansa da ƙarfi ko ƙuruciya, yana kayar da ɗan ƙwallo ya bar dattijuwa.

Ba shi kwana uku, mafi ƙaranci biyu. Ranar farko kwanta, sha ruwa, ci abinci mara nauyi. Rana ta biyu zaga gari a hankali. Rana ta uku haura ƙafa zuwa kangon Sacsayhuamán da ke saman gari ka gwada numfashinka. Wata dabara mai kyau ita ce daga filin jirgi ka wuce Ollantaytambo, tafiyar kamar awa biyu a mota, wadda ke kan mita 2,800. Barci ya fi daɗi a can, kuma ta fi kusa da mafarin hanya.

Gargaɗi: ciwon kai da ya ƙi jin magani, haki alhali kana zaune, tari mai kumfa, tangaɗi ko ruɗewa, waɗannan ba na daurewa ba ne. Asibiti, ko sauka ƙasa, nan take.

Kada ka sha ruwan famfo, kuma ka ƙaurace wa ɗanyen ganye da abincin bakin titi har sai ka dawo daga dutse. Gudawa a kan hanyar nan masifa ce. Za a yi ta miƙo maka shayin ganyen koka, halal ne a dokar ƙasarsu kuma al'adarsu ce, amma daga ganyen ake fitar da hodar iblis, kuma yana iya bayyana a gwajin ƙwaya na fitsari. Wanda ake yi wa irin wannan gwaji a wurin aiki, ko wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya nemi shayin muña, wani ganye mai ƙanshin na'ana'a. Abin sha na masara mai suna chicha de jora giya ce. Chicha morada, mai launin shunayya, ba ta da giya.

8. Rana ta ɗaya: daga Piscacucho zuwa Wayllabamba

Mota za ta ɗauke ka tun da duhu zuwa Piscacucho, wurin da kowa ke kira kilomita 82, wato lambarsa a kan layin dogo. A nan ake duba fasfo da izini, a tsallake gadar kogin Urubamba, tafiya ta fara. Kilomita 11 zuwa 12 ne, hawan ba tsanani, akwai rana da ƙura. Za ka hango kangon Llactapata daga sama. Akwai ƙauyuka a hanya inda ake sayar da ruwa da biskit, ban-ɗaki kuma sol ɗaya ko biyu. Ana kwana wajen mita 3,000, wasu ayarin su ƙara gaba zuwa Ayapata.

A ranar nan za ka koyi dokar hanya: da ka ji an yi kiran 'yan dako na tafe, matsa gefen dutse, ba gefen rami ba, ka ba su wuri. Za su wuce ka da sassarfa, tukunyar gas da tantuna a baya, wasu da takalmin taya irin wanda ake yankawa a kasuwanninmu, diddige duk faso. Kafin ka isa sansani sun kafa tanti, sun dafa miya, sun jera suna tafa maka.

Da yamma da kuma asuba sukan ajiye ƙaramar roba ta ruwan ɗumi a ƙofar tanti don wanke fuska. Da ita nake alwala, domin ruwan rafi a can yana sa yatsu su ƙage. Kai matafiyi ne, kana da rangwamen kasaru da haɗa salloli. Alƙibla daga can gabas ce da ɗan karkata arewa. Saukar da manhajar da ke aiki ba intanet, don sabis yana ɗaukewa tun ranar farko.

9. Rana ta biyu: Warmiwañusqa

Ita ce ranar da ake tsoro, kuma da gaskiyar masu tsoron. Daga mita 3,000 za ka hau zuwa 4,215 a tashi ɗaya, awa huɗu zuwa shida, sannan ka gangara mita 600 zuwa sansanin Pacaymayo. Sunan mashigar da Kecuwa, harshen mutanen yankin, yana nufin matacciyar mace, saboda daga nesa dutsen ya yi kama da mace kwance rigingine.

Kuskuren da na yi shi ne na tashi da ƙarfina. Na ji jiki garau da safe, na shiga gaban ayari, ina jin daɗin wuce mutane cikin kurmin nan mai gansakuka. Kafin mu isa Llulluchapampa, wajen mita 3,800, kaina kamar ana sara da gatari, na durƙusa bayan wani dutse na amayar da karin kumallon gaba ɗaya. Jagoranmu ya maƙala mini 'yar na'urar auna iska a yatsa, ya duba, ya ba ni ruwa, ya jira har numfashina ya daidaita. Sannan ya shiga gabana ya ce in sa ƙafata inda ya ɗauke tasa. Taki ɗaya, numfashi ɗaya. Taki ɗaya, numfashi ɗaya. Tafiyar ta yi mini kamar ta hawainiya, amma ba mu sake tsayawa ba sai a ƙoli, kuma mun wuce da yawa daga cikin waɗanda ke gudu suna zubewa.

To haka za ka yi tun daga ƙofar tanti. Ma'aunin shi ne in ba ka iya yin magana kana tafiya, ka yi sauri da yawa. Gajerun taku, kurɓin ruwa kowane minti goma sha biyar ko ba ka jin ƙishi, dabino ɗaya kowace awa ko ba ka jin yunwa. Hutu ya zama gajere kuma a tsaye, don in ka zauna ka daɗe jiki yana sanyi. Llulluchapampa ce wuri na ƙarshe da za ka sami abin saye. Daga nan bishiyoyi sun ƙare, sai ciyawa da iska, kana hango mashigar kamar ka miƙa hannu, alhali da sauran fiye da awa guda.

Gargaɗi: sa rigar sanyi kafin ka isa ƙoli, ba bayan ka isa ba. Jikinka jiƙe yake da gumi, iskar can kuwa tana yanka. Minti goma sha biyar ya isa hoto. A gangara ka ƙara wa sanduna tsawo, ka ɗaure igiyar takalmi tamau kada yatsu su riƙa dukan gaba, ka sauka a karkace in matakalar ta yi zurfi. Daren Pacaymayo shi ne mafi sanyi. Roƙi mai girki ya zuba maka ruwan zafi a gora ka sa a ƙafafu.

10. Rana ta uku: mafi tsawo, mafi kyau

Kilomita 15 zuwa 16. Da safe akwai hawa na biyu zuwa mashigar Runkurakay, kusan mita 3,950, amma bayan na jiya wannan da sauƙi. Daga nan hanyar ta zama shimfiɗar dutse ta asali wadda mutanen Inka suka jera da hannu fiye da shekara 500 da suka wuce, tana ratsa kogon da aka fafe cikin dutse, tana bin gefen tsauni a cikin hazo. Za ka wuce kangon Sayacmarca, sannan Phuyupatamarca, garin da ke saman gajimare, inda har yau ruwa ke gudana a magudanan da suka sassaƙa.

Daga nan sai gangara ta kusan mita 1,000, matakala bayan matakala, har Wiñay Wayna. Mai ciwon gwiwa ya ɗaura bandeji tun safe. Ƙananan ƙudaje masu cizo suna farawa a nan, sa dogon hannu. Ko ƙafarka na rawa, daure ka je kangon Wiñay Wayna kafin duhu, minti kaɗan ne daga sansani: gonakin bene ne rataye a jikin tsauni, kuma sau da yawa ba kowa a wurin. Ni ya fi shiga raina a kan Machu Picchu kanta.

A daren nan ake sallama da 'yan dako da mai girki, a ba su tukwici. Ware dala 60 zuwa 80 a kuɗin sol don su da jagora. Ku haɗa na ayari, amma ku miƙa wa kowane ɗan dako nasa a hannunsa.

11. Rana ta huɗu: Ƙofar Rana

Za a tashe ka wajen ƙarfe 3 na dare, saboda 'yan dako su naɗe tantuna su gangara su kama jirgin ƙasa na asuba. Shingen ƙarshe ba ya buɗewa sai 5:30, don haka zama za ka yi a layi cikin duhu da sanyi. Yi alwala kafin ka bar sansani, alfijir zai keto kana layin, ka sami gefe ka yi sallah.

Daga shingen zuwa Inti Punku, Ƙofar Rana, kamar awa ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Gargaɗi: hanyar siririya ce, rami a dama, kuma mutane suna rige-rige. Kada ka shiga tseren, garin ba zai gudu ba. Dab da ƙofar akwai matakala masu miƙewa tsaye da ake hawa da hannu da ƙafa. In ka isa ka tarar da farin hazo kawai, zauna ka jira, yakan yaye da ɗagawar rana. Daga nan gangara ce ta kusan minti 45.

12. Cikin kangon, da komowa

A Machu Picchu zagaye ake bi mai hanya ɗaya, ba a komawa baya, kuma tikitinka ne ke faɗin wanda za ka bi. Ban-ɗaki yana waje ne kawai, sol biyu, in ka shiga ka fita ba a sake shiga da tikitin, don haka ka gama uzurinka tukuna. Babbar jaka da sanduna a ma'ajiyar bakin ƙofa ake barin su. Hawan tsaunin Huayna Picchu, wanda ke bayan garin a hotuna, tikitinsa daban ne kuma tun wajen rajista ake sayensa. Bayan kwana huɗu a ƙafa, ni ban ga dalilinsa ba.

Mota tana saukar da mutane zuwa garin Aguas Calientes cikin kamar rabin awa, dala 12 in ba ya cikin kuɗinka. A can za ka karɓi jakarka, ka hau jirgin PeruRail ko Inca Rail zuwa Ollantaytambo, mota ta ƙarasa da kai Kusko da dare. Kada ka sa jirgin komawa gida washegari da safe. Zabtarewar ƙasa ko yajin aiki sukan tsayar da layin dogon, bar kwana ɗaya a tsakani.

Kafin ka rufe akwati, zazzage kowace aljihu ta jaka da rigar sanyi. Ganyen koka, shayinsa na fakiti, har alewarsa da ake sayarwa a shagunan tsaraba, duk haramtattu ne a yawancin ƙasashe da zarar ka bar Peru, ko a filin jirgin da za ka yada zango, ko a gaban jami'an NDLEA in ka sauka gida. In wani ɗan dako ya damƙa maka ganyen a hanya don ka tauna, ka cusa a aljihu ka manta, nemo shi ka zubar a otal.